Takiyya, rumbun hatsi ko gona: wanne kwamitin unguwa zai nema wa tallafi?

Idan labari ya iso cewa wata ƙungiya za ta ba da tallafin kuɗi don abinci, zaman kwamiti na farko kusan iri ɗaya ne ko'ina a Sudan, a Mai Wurno ne, ko a Gadarif, ko a kambo, wato zangon 'yan ƙodagon gona, da ke gefen hawashoshin Jazira, gonakin hayar aikin ban-ruwa. Matasa su ce a kafa takiyya, wato wurin dafa wa jama'a abinci kyauta, gobe a ɗora tukunya. Dattawa su ce a sayi dawa a kulle, damina na tafe. Wani da ya taɓa aiki da ƙungiya ya ce masu ba da kuɗi sun fi son jin maganar iri da famfon sola. Kowa da hujjarsa, a ƙarshe wanda ya fi murya ya yi rinjaye. Tambayoyi biyu da ya kamata su raba gardamar ba a cika yin su ba: a wane wata kuɗin za su shigo hannu, kuma sau ɗaya za a ba da su ko za su riƙa zuwa? Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan uku yana da watan da yake amfani da watan da zai zama asara.

Kafin komai, ku daina lissafi da fam, kuɗin Sudan. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana kusan fam 600 a kasuwa, a 2024 ta haura 2,000. Kasafin da aka rubuta da fam a watan Maris, in aka biya a Yuni, ya riga ya rame. Ku rubuta buƙatarku da buhu da kilo da jarka, sannan ku sa farashin ranar a gefe tare da kwanan wata. Buhun dawa a nan kilo 90 ne, malwa kuma kusan kilo 3. Duk lissafin da ke ƙasa a kan wannan awon yake.

Takiyya

Ƙarfin takiyya saurinta. Kuɗi su shigo yau, jibi mutane sun ci. Ba ta neman fili, ba ta jiran ruwan sama, ba ta tambayar kowa takardar shaida. Wanda ya gudo daga Sinja ko Madani ba tukunya ba murhu, yana kwance a ajin makaranta, ko ka ba shi ɗanyen hatsi ba ka gama taimakonsa ba, domin sai ya nemi kuɗin niƙa da itace da ruwa. A irin wannan wuri babu abin da ya kai tukunyar taro. Shi ya sa ɗakunan agajin gaggawa na unguwanni suka riƙe mutanen Khartum da Umdurman da ita a lokacin da manyan ƙungiyoyi suka kasa shiga.

Ga abin da take ci. A ɗauka mutum 300, sau ɗaya a rana. Kowane mutum giram 150 na garin dawa ko shinkafa, giram 60 na adas (ƙananan ƙwayoyi dangin wake), giram 15 na mai, ɗan albasa da gishiri. A rana ke nan rabin buhun dawa, kilo 18 na adas, mai kusan lita 5, albasa kilo 6, gishiri kilo 1. A wata: buhu 15 na dawa, kilo 540 na adas, jarka 9 ta mai irin mai ratali 36. Wannan kwanon yana ba da kalori kusan 870, alhali ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi kalori 2,100 ne ga mutum a rana. Wato takiyya mai dahuwa ɗaya ba ta kai rabin buƙatar mutum ba. Tana hana faɗuwa ne kawai. Ku rubuta hakan yadda yake a takardar nema, domin wanda ya san aikin zai yi lissafin da kansa, in ya ga kun ce kuna “ciyar da mutum 300 cikakke” da buhu 15 zai ajiye takardar.

Inda kasafin takaya (jam'in takiyya) ya fi ɓallewa shi ne abubuwan da ba a ci: itace ko gawayi, ruwa, niƙa, dako daga kasuwa, sabulu, da ɗan abin da za a ba matan da ke tsaye kan wuta tun asuba. Ana mantawa da su a rubuce, sai a riƙa yankar kuɗin adas ana toshewa, miya ta riƙa tsinkewa mako bayan mako. Zaɓin abinci ma yana da hannu a nan. Jan adas yana nuna cikin rabin awa. Ful (babban waken Masar) da wake kuwa awanni suke ci a wuta, sai an jiƙa su tun dare kafin itacen ya ragu. Kisra, siririyar gurasar dawa, ta mutum 300 aikin mata da yawa ne a gaban wuta, tuwo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, balila kuma, wato dafaffen hatsi, ba ta bi ta injin niƙa.

Ku tsaya a layin rabo ku duba. Ba mutane ne a layi ba, bokitai ne da robobi da tukwane, an jera su tun hantsi, an ɗora wa kowanne dutse kada iska ta ɗauke, masu su suna inuwa. Bokiti ɗaya na gida mai mutum uku ne, na kusa da shi na gida mai mutum goma sha ɗaya. In mai rabo yana zuba ludayi biyu a kowane bokiti don kada a ce ya yi son kai, babban gida ne ke kwana da yunwa. Maganin wannan kati ne: kowane gida da lambarsa da yawan bakunansa, ludayi ɗaya na mutum nawa ne an auna an sani. Rajistar nan a littafi take zama wurin mutum biyu amintattu. Kada a riƙa yawo da sunayen mutane a WhatsApp, domin masu aikin sa-kai a takaya sun sha kamu da barazana daga ɓangarorin yaƙin biyu.

Abu biyu na lafiya. Tun da aka ayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, tukunya ɗaya da aka wanke da gurɓataccen ruwa tana iya kwantar da unguwa. Ruwan wanki da na sha a sa musu kilorin, dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye kafin a raba. Na biyu, yaron da tamowa ta kama ba ya warkewa da miyar adas. Ku nemi zaren awon damtse a wurin ma'aikatan lafiya: yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, asibiti za a kai shi ranar nan.

Babban aibin takiyya shi ne ranar da kuɗi suka tsaya, ranar wuta ke mutuwa. An ga haka sau biyu a fili. A Fabrairun 2024 da aka yanke layukan sadarwa, Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum, ya daina aiki, takaya da yawa a Khartum suka tsaya duk da cewa masu aiko kuɗin suna nan. Sannan a ƙarshen Janairun 2025 da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, masu gudanar da ɗakunan agaji sun ce takaya sama da 1,000 sun rufe cikin makonni kaɗan. Mutanen da suka saba zuwa da bokiti sun riga sun daina wasu dabarun neman abincin, don haka rufewar ta fi zafi. Kwamitin da aka ba tallafi sau ɗaya tak, ba shi da wani mai aiko masa duk wata, ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗora tukunyar da zai sauke bayan kwana arba'in.

Rumbun hatsi

Dabarar tsohuwa ce: a sayi dawa a kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da kasuwannin Gadarif da Sinnar da Damazin suka cika, a ajiye, a fitar tsakanin Yuli da Satumba lokacin da rumbunan gida suka yi ƙasa kuma hanyoyin laka suka yanke. Gida mai mutum 6, in kowa na cin giram 400 a rana, yana buƙatar kilo 72 a wata, wato kusan buhu biyu da rabi a watanni ukun nan. Buhu 100 za su riƙe gida 40 gaba ɗaya, ko su toshe rabin buƙatar gida 80. Ga wanda ke da murhunsa da tukunyarsa, hatsi kawai ya yi masa tsada, wannan ya fi takiyya arha kuma ya fi mutunci, ba layi ba kallon jama'a.

Sai dai a faɗi gaskiya, an kafa irin waɗannan rumbuna da yawa a Nijar da Burkina Faso tun shekarun 1980, kuma mafi yawansu sun mutu cikin 'yan shekaru. Dalilan mutuwar sanannu ne, kuma duk suna nan a Sudan, har da ƙari.

Na farko farashi. Ga misali da lambobi zagayayyu. An sayi buhu a 100. Dako da sabon buhu da gadi sun ƙara 15. Ƙwaro da ɓera da zubewa sun ci buhu 4 cikin 100. Kowane buhun da ya rage ya tsaya a kusan 120. A Agusta kasuwa tana 170, kwamiti ya sayar a 125, jama'a na sa albarka, kowa na ganin har riba aka ci. Kuɗin da aka tara 12,000. Kaka ta zo, saboda faɗuwar fam sabon buhu yana 160. Abin da 12,000 za ta saya buhu 75 ne, kafin a biya dako. A shekara ta uku rumbun ya zama labari, ba tare da kowa ya saci ƙwaya ɗaya ba. Don haka kuɗin da aka tara a damina kada su kwana a aljihu har kaka. Hanya ɗaya mai kyau ita ce cinikin salam, wanda Bankin Noma na Sudan ma yake aiki da shi: a biya manoman garin kuɗi a Agusta ko Satumba, lokacin da suke neman na noman ciyawa, su kawo adadin buhu sananne a kaka. Wannan yana fitar da su daga hannun masu shel, wato 'yan kasuwar da ke ba manomi bashi a damina su karɓi amfaninsa da arha a kaka. Amma in kwamiti ya matse farashin, shi ma ya zama ɗan shel mai hula, sai a kiyaye.

Na biyu bashi. Ana fitar da hatsi rance, kaka ta zo rabin mutane su ce gona ba ta yi ba, kuma mai karɓar bashin maƙwabci ne ko suruki, ba zai iya tsayawa a ƙofar gida ya ɗaga murya ba. Wasu kwamitoci sukan ce a ranci malwa 10 a mayar da 11 don cike asara. Dawa da dawa da ƙari riba ce a shari'a, kuma limamin unguwa zai faɗa a kan mumbari, daga nan aikin ya rasa fuska. A mayar da awon da aka karɓa daidai, kuɗin ajiya kuma ya zama gudunmawar shekara da kowane memba ke biya ko ya ranta ko bai ranta ba. Ku zauna da malaman garin kan tsarin tun kafin a sayi buhu na farko. Gidajen da kowa ya san ba za su iya biya ba, na marayu da tsofaffi da naƙasassu, a ware musu kaso kyauta a rubuce, misali buhu 10 cikin 100. In ba a ware ba, za su shiga layin bashi, kuma rashin biyansu zai zama hujjar wanda yake da hali.

Na uku ajiya. Dawa mai danshi ba ta kaiwa damina. Gwajin gishiri ya isa: busasshiyar kwalbar gilashi, a zuba hatsi kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya ya bushe ƙarau, a rufe a girgiza minti ɗaya, a ajiye kwatan awa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a ƙara shanya shi ko a bar wa mai shi. A ɗaki, buhu ba ya taɓa ƙasa, ba ya jingina da bango: katako a ƙasa kamar tsawon tafin hannu, tazarar rabin mita daga bango don iska da dubawa. Buhun PICS mai leda biyu a ciki yana kashe ƙwaro ta hanyar toshe masa iska, ba magani, muddin ba a huda shi ba kuma an ɗaure kowace leda daban. Matmura, ramin ajiya da mutanen Sinnar da Gadarif suka gada, tana riƙe dawa da kyau a ƙasa mai tauri in an zaɓi tudu aka shimfiɗa ƙaiƙayi, kuma tana da wata fa'ida a wannan zamani, ba a ganinta daga titi. Ƙwayar hayaƙin nan da ake jefawa cikin buhuna kuwa guba ce mai kisa. Kada a taɓa sa ta a ɗakin da ake kwana ko mai bango ɗaya da shi.

Na huɗu, wanda Nijar ba ta sha fama da shi kamar nan ba, wawaso. A Disambar 2023 bayan faɗuwar Madani an kwashe ma'ajiyar Hukumar Abinci ta Duniya da ke Jazira. In hakan ta faru da su, sito mai kwano da kwado ɗaya fa? Inda fagen daga bai yi nisa ba, a raba hatsin gida uku ko huɗu, ko a haƙura da rumbun gaba ɗaya. Akwai kuma haɗarin da ba a zata: a tsakiyar damina wata ƙungiya ta shigo da rabon hatsi kyauta, farashi ya faɗi, ku rasa mai saye. Ku tambayi ofishin ƙaramar hukuma ko garinku na cikin jerin rabo.

Wani abu da ake ganowa a makare: masu ba da tallafi da yawa ba su yarda a sayar da abin da aka saya da kuɗinsu ba, ko da a rahusa ne. Ku faɗa musu a sarari cewa jari ne mai juyawa, ku sami amincewarsu a rubuce.

Gona da lambu

A takarda, babu abin da ya kai iri riba. Faddan ɗaya, wato murabba'in mita 4,200, yana cin kusan kilo 3 na irin dawa. Gida 100, kowanne faddan 3, kilo 900 ke nan, buhu 10. Ko da faddan ya ba da buhu 2 kacal, an sami buhu 600. Wannan lissafin ne ke sa takardun nema su cika da maganar iri, kuma shi ne ke ruɗin mutane, domin iri shi ne mafi ƙanƙanta a kuɗin noma. Hayar tarakta da gas, noman firi da maimai, girbi, casa, buhuna, su ne masu cin kuɗi. Manomin da aka ba iri kawai a watan da gidansa ba abinci, ko ya niƙa irin ya ci, ko ya shuka ya tafi ƙodago gonar wani, tasa ciyawa ta cinye. In za ku nemi tallafin noma, ku haɗa da kuɗin huɗa da abincin wata ɗaya na lokacin noman ciyawa, ko ku tsara gayya, abin da maƙwabta ke kira nafir, kwamiti ya ɗauki nauyin tukunyar ranar.

Lokaci a nan ba ya yafiya. Shukar dawa Yuni da Yuli ce. Irin da ya iso a tsakiyar Agusta, in mai dogon zango ne, ruwa zai ɗauke yana cikin fure. In kun ga alamar jinkiri ku karkata ga mai saurin nuna irin Arfa Gadamak, ko ga wake. Kafin ku biya ɗan kasuwa, ku ƙirga ƙwaya 100 ku shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a inuwa, ku ƙirga tsiron bayan mako ɗaya. In bai kai 80 ba, ku nemi wani. Gonar da ƙuduji ya kama, wanda ake kira buda a nan, kada a sake zuba mata dawa, a juya ta zuwa wake ko gyaɗa. FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, takan raba iri a jihohi da dama kafin damina, don haka ku bincika ofishin gona kafin ku kashe kuɗinku a kan abin da za a iya samu kyauta.

Sai maganar ƙasa, wadda ga Hausawa a wurare da dama ita ce gaba da komai. Mazauna kanabi (jam'in kambo) a Jazira yawancinsu ba su da hawasha, noman raba-daidai suke yi ko ƙodago. Rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu, wanda ya taso kan ƙasa da sarauta, bai bar zukata ba tukuna. Aikin gona a filin aro sai da yarjejeniya a rubuce, da shaidu daga ɓangaren masu ƙasa, da adadin shekaru, da bayanin wa zai mallaki famfo in an rabu. In a gari ɗaya ake zaune da wasu ƙabilu, a sa su cikin masu amfana da cikin kwamiti. Wannan adalci ne, kuma shi ne gadi mafi arha.

Lambun bakin kogi da famfon sola yana da kyau, amma ku auna ruwa kafin ku auna kuɗi. A zafi faddan na kayan lambu yana shan kusan lita 30,000 a rana, in an haɗa da abin da ke ɓacewa a kwalbati ya kai 45,000, wato durom 225. Rana mai ƙarfi awa 6 ce, don haka famfon da ba ya ɗaga lita 7,500 zuwa 8,000 a awa daga zurfin da ruwanku yake ba zai riƙe faddan guda ba, komai abin da mai shago ya faɗa. Lakar Shuɗin Nilu a watannin ambaliya tana cinye fankar cikin famfo, ƙura tana rage ƙarfin faranti in ba a goge ba, kuma faranti kaya ne mai saurin samun mai saye a hannun ɓarawo. Jirjir (ganyen salak) da lalo suna shiga kasuwa cikin wata ɗaya zuwa kwana arba'in, kuɓewa kusan wata biyu, rarar kuma a shanya ta zama busasshiya. Lambu yana kawo kuɗin cefane da miya mai gina jiki. Ba ya cika ciki, kuma gida goma zuwa ashirin yake ɗauka, ba unguwa ba.

Raba kuɗi hannu da hannu ga gidaje ma zaɓi ne, kuma inda kasuwa ke ci ya fi komai sauƙin gudanarwa. Matsalarsa Bankak na neman asusu da lambar ƙasa, wanda da yawa a kanabi ba su da su, sannan mai canza shi zuwa tsabar kuɗi yana yankar kasonsa. In aka tura ta wayar wani, a sa shaida.

Irin kuɗin ma yana zaɓar aikinsa

Gudunmawar 'yan uwa da ke Makka da Jidda da Madina ba ta neman fom, tana zuwa da sauri, tana kumbura a azumi ta motse bayan salla. Ta dace da takiyya in an mayar da ita alkawarin wata-wata, kamar adashe, mutum ashirin kowa ya ɗauki kwana ɗaya ko biyu. A kula, dokar Saudiyya ta hana tara gudunmawar jama'a ba da lasisi ba. Aika wa dangi abu ne daban, amma yaɗa lambar asusun mutum a rukunin WhatsApp da sunan taimako yana iya jefa mai asusun cikin matsala. Hanyar hukuma a can ita ce Cibiyar Agaji ta Sarki Salman da dandalinta na Sahem.

Ƙananan tallafin da ke bi ta ɗakunan agaji da ƙungiyoyin gida galibi 'yan dubban daloli ne, sau ɗaya ko zango-zango, da rahoto mai sauƙi: rasit, hotuna, jerin abin da aka saya. Su suka fi dacewa da rumbu ko iri, in lokacin ya yi daidai. Manyan kuɗi irin na Asusun Jinƙai na Sudan da OCHA, ofishin jinƙai na Majalisar Ɗinkin Duniya, ke gudanarwa ba sa zuwa hannun kwamitin unguwa kai tsaye. Suna bi ta ƙungiyoyin da aka tantance, masu rajista da Hukumar Agajin Jinƙai a ƙarƙashin dokar 2006, su kuma su ɗauke ku abokan aiki. Za a nemi asusun banki, farashi daga 'yan kasuwa uku kafin kowane babban saye, da haƙurin watanni. Famfon sola da injin niƙa ta nan suka fi samuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kundin tsarin kwamiti, sunayen shugaba da ma'aji da magatakarda, da littafin shiga da fita na ayyukan baya, a tanade su tun babu labarin kuɗi. Kwamitin da ya nuna littafin wata shida na takiyyar da ya riƙe da aljihun jama'a ya fi wanda ya zo da kyakkyawan rubutu kawai.

Zakkar amfanin gona, ɗaya cikin goma a noman ruwan sama, rabin haka a na ban-ruwa mai wahala, in amfanin ya kai kusan kilo 653, a Sudan Diwanin Zakka ne ke karɓarta, kuma ana iya neman kaso na dawa a ofishinsa na yanki. Haƙƙin matalauta ce da ake mallaka musu, don haka ta dace da tukunya da kason kyauta na rumbu. Sayen famfo ko gina sito a nemi sadaka mai gudana ko waƙafi daga attajiran gari.

In aka haɗa duka, wata ne ke yanke hukunci. Kuɗin da za su shigo tsakanin Nuwamba da Janairu, a garin da ba ya kusa da faɗa kuma mutane na da murhunsu, rumbu ne, kuma a ganinmu shi ya fi cancanta da tallafin da ba zai maimaitu ba, duk da tarihin mutuwarsa, domin cututtukansa sanannu ne kuma suna da magani. Na Afrilu da Mayu, inda ƙasa ta tabbata, iri da huɗa. Na Yuli zuwa Satumba sun makara ga shuka, hatsi kuma yana ƙololuwar tsada, sai takiyya ko rabon kuɗi. Na Oktoba lambun sanyi. Unguwar da ta cika da 'yan gudun hijira a Kosti ko Kasala ko Umdurman kuwa, kowane wata ne, tukunya ce, aikin kwamiti shi ne neman wanda zai ɗauki wata na biyu da na uku tun kafin a kunna wutar farko. Taura biyu ba ta taunuwa: ƙaramin tallafi in aka yanka shi uku, takiyyar ta yi kwana goma, rumbun buhu ashirin, iri da huɗa su isa gida bakwai. A rubuta aiki ɗaya, a ware kashi ɗaya cikin goma don tashin farashi.

Tun da jinkirin biya ya zama ruwan dare, ku roƙi a sa layi ɗaya a yarjejeniyar kafin ku sa hannu: in kuɗin iri ba su iso ba kafin 15 ga Yuni, ko na hatsi kafin ƙarshen Janairu, kwamiti na da izinin juya su zuwa aiki na biyu da aka ambata da suna, da kasafinsa a haɗe, ba sai an sake jiran amincewa daga babban ofishin masu ba da tallafin ba.